Tsabar Maiturare

"Karkata shi hagu, Ammu Sabo. La, la, ɗaya hagun," in ji Fahad.

Sabo ya karkata gadon, ƙafar gadon ta kuɓuce daga bakin ƙofa, suka shigo da shi ɗakin baƙi, shi yana ja da baya, Fahad yana turawa. Yau da la'asar za a sallamo Baba Maiturare daga asibiti. Likita ya ce babu sauran abin da za su yi masa a can wanda ba za a iya yi a gida ba, kowa kuma ya gane abin da ake nufi. Shi ya sa Fahad, babban ɗan tsohon, ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsu ƙofa tun da hantsi, a sauko da gadon ƙasa, kada a wahalar da mara lafiya da hawan bene.

Suna ajiye gadon Sabo ya ji ƙanshin lemun tsami. Ya juya. A ƙarƙashin taga, a kan babban farantin da ake cin shinkafa, an shanya tsofaffin kuɗaɗen Maiturare gaba ɗaya bisa farin tawul, layi-layi, suna ƙyalli kamar yau aka ƙera su. Ga anini da kwabo masu huda a tsakiya, ga tammar Faransa, ga tsofaffin ƙirshi na ƙasar Larabawa, ga manyan riyal na azurfa. A gefe ɗaya ɓawon lemun tsami ne da gishiri a kofi, da soson ƙarfe da ya yi baƙi ƙirin.

Ikram, autar gidan, tana tsaye a bakin ƙofar ciki da mayafinta, ta ɓoye hannuwanta a baya kamar yarinyar da ke jiran a yaba mata.

"Shuf, Ammu," ta ce, wato duba, Baffa. Sauran maganar da Larabci ta yi ta, kamar yadda ta saba: kwana biyu ke nan tana gogewa bayan ta taso daga makarantar da take koyarwa, har yatsunta sun tsage.

Sabo ya tsuguna gaban farantin. Bai taɓa komai ba. Idonsa yana neman guda ɗaya, ya kuwa same shi a layin tsakiya, ɗan ƙaramin kuɗin Amurka mai hoton gini da ƙubba. Da baƙi ne wuluk, sai wurin da babban yatsa ya lashe. Yanzu fari tas.

"Wa ya sa ki?" ya tambaya a hankali.

"Abuya da kansa," in ji Fahad, yana share gumi. "Ina wurin. Ka san ba ya bari ko ƙuda ya sauka a akwatin nan, ni ma sai da na yi mamaki."

"Me ya ce? Faɗa min da bakinsa, yadda ya faɗa."

Ikram ta ɗan yi tunani, sannan ta kwaikwayi mahaifinta da Hausarta mai nauyi. "Ya riƙe hannuna, robar numfashi tana a hancinsa. Ya ce, 'Akwatin nan, Ikram. Tsabta. Ki kula da tsabta.' Sau biyu ya faɗa."

Sabo ya rufe ido. Tsabata. Tun da ya san tsohon, bai taɓa jin ya kira su fulus ko kuɗi ba, sai tsaba. Tsabata ta yi kaza, miƙo min tsabata. Bakin da ba haƙori ya faɗa, kunnen da ya tashi da Larabci ya ji, wasali guda ya faɗi a tsakani.

"Ba su yi kyau ba ne?" Ikram ta tambaya.

"Kin sha aiki," Sabo ya ce. "Kawo 'yan jakunkunan mu mayar da su, kada ƙura ta hau."

Shi ya ɗinka jakunkunan nan. Da su ma suka san juna, shi da tsohon. Sabo tela ne, mutumin Damagaram, ya zo Madina da takardar aiki, yana ɗinka jallabiya a wani shago da ke hanyar Ƙuba. Yana sabon zuwa wani dattijo mai ƙanshin sandal ya tsaya a bakin shagon ya ce a tara masa guntayen ƙyalle. Da ya ji Hausar Sabo sai ya yi dariya. "Af, Badamagare ne. To ka tara min masu kyau, ni Bakano ne, ubangidanka." Shekarunsa hamsin da wani abu a Hijaz a lokacin, ga takardar ɗan ƙasa a aljihu, amma wasan Kanawa da Damagarawa bai bar bakinsa ba.

Dattijon nan shi ne Maiturare. Turare yake sayarwa a kusa da Harami, har aka rushe layinsu lokacin faɗaɗa masallaci, ya koma Ƙuba kusa da tsofaffin gonakin dabino. Alhazai na kowace ƙasa sun bi ta gaban teburinsa, kuma ya daɗe yana roƙonsu abu ɗaya: in akwai tsohon kuɗin garinku a jaka, a ba ni in gani. Da haka akwatin ya cika. Shi ya samo wa Sabo ɗaki a gidan da ke jikin nasa. Shekarar da mahaifin Sabo ya rasu a Damagaram, fasfo yana hannun kafili, ubangidan da ya kawo shi aiki, ba halin tafiya, Maiturare ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa ya zauna karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwansa ne ya mutu. Duk wanda ya zo sai ya nuna Sabo ya ce, "Ga ɗan mamacin." Sabo bai taɓa samun kalmar da zai gode da ita ba. Da ciwon suga ya fara cin idon tsohon, sai ya zama idonsa.

Kowace Juma'a bayan la'asar sukan buɗe akwatin. Sabo ya riƙe ɗan gilashin nan mai ƙara girman abu, ya karanta shekara, ya faɗi abin da ya gani, tsohon ya murza kuɗin a yatsa, ya kai hanci, ya yanke hukunci. Daraja huɗu yake ba su. Akwai ɗanye, wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Akwai wanda ya ga kasuwa, akwai wanda ya sha hannu, sai kuma wanda ya gaji, rubutunsa ya kwanta. Kowanne da launin jakarsa. Amma in aka kawo masa wanda wani ya goge don ya yi ƙyalli, ba ya ba shi daraja ko ɗaya. Wani tsohon gwangwanin madara yake jefa shi.

"Dauɗar nan shekarunsa ce," yakan ce. "Duk hannun da ya riƙe shi ya bar wani abu. Ka kankare, me ya rage? Gawa ake yi wa wanka, Tela."

Yanzu ga Sabo zaune yana zura gawawwaki cikin jakunkuna, Ikram tana miƙo masa ɗaya bayan ɗaya tana murmushi. Tunani yake ta juyawa. In ya faɗa mata, mahaifinta zai shigo ya tarar da ita tana kuka, kuma abin da zai rage mata na kwanakinsa na ƙarshe ke nan har ta mutu. In bai faɗa ba, tsohon zai gano da kansa, kuma Maiturare mutum ne mai zafi a kan akwatin nan. Ya taɓa yin wata guda bai yi wa Fahad magana ba saboda ya ɗauki kwabo ɗaya ya buɗe murfin gwangwani da shi. Saura hanya ɗaya, a rufe akwatin a yi fatan ba zai tambaya ba. Makaho ne, Sabo ya gaya wa kansa, ba zai gani ba. Sai kuma kunya ta kama shi, don ya ji yana gode wa makantar mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa.

Da la'asar motar Fahad ta tsaya a ƙofar gida. Suka tallabo tsohon, ya zama kamar kara, Iyatu matarsa tana biye da ledar magunguna, tana faɗan a yi a hankali da kansa. A tsakiyar ɗakin Maiturare ya tsaya, ya ɗaga hanci.

"Wa ke mura a gidan nan?"

"Babu kowa, Malam," in ji Iyatu.

"To lemun tsami na mene ne?"

Ikram tana kicin, ba ta ji ba. Aka kwantar da shi, gajiya ta ɗauke shi. Sabo ya ja Iyatu gefe a soro ya gaya mata. Tsohuwar ta dafe ƙirji, ta zauna a kan matakala.

"Har da na Inna?"

"Har da shi."

"Na shiga uku. Yarinyar nan da ya fi so." Ta ɗago ta ce, "Ni ba zan iya ba, Sabo. Gobe ka zo. In zai yi faɗa, ya fara sauke shi a kanka, kai ka saba."

Na Inna shi ne ɗan kuɗin Amurkan. Sabo ya ji labarinsa har ya haddace. Maiturare yana yaro iyayensa suka taso daga ƙasar Kano da ƙafa, za su Makka. Yaƙin Turawa ya tsare su a Sudan, mahaifinsa ya shiga leburanci a filin jirgin Fashir, inda jiragen Amurkawa ke sauka su sha mai. Wani sojansu ya ba mahaifin kuɗin, kyauta. Da mahaifiyar ta juya bayansa ta ga gini mai ƙubba da ginshiƙai, sai ta ce wannan ai masallacin Madina ne, Allah ne ya aiko mata da alamar za ta isa. Ba wanda ya san isa ya musa mata. Ta ƙulle shi a bakin zane, yunwa ta yi yunwa ba ta yarda an canza shi ba. In ta idar da salla sai ta kwance, ta shafa ƙubbar da babban yatsa. A Sawakin ta rasu, a bakin teku, suna jiran jirgin ruwa.

Sai da ya girma wani alhaji mai jin Turanci ya gaya masa gidan wani shugaban Amurka ne, ba masallaci ba. Daga nan ya shiga bin diddigi, har ya san cewa na shekarun yaƙi daban suke: ƙarfen da aka saba yi da shi an kai shi ƙera makamai, sai aka zuba azurfa a ciki, aka buga babban harafi a saman ƙubbar don a gane su. Shi ya sa suke baƙi fiye da 'yan'uwansu. Ya tara irinsu da dama, yana sa Sabo ya duba matakalar da ke ƙarƙashin ginin, in layukanta sun fito sarai ya ce wannan ɗanye ne. Na Inna ko matakala ɗaya ba ta rage masa ba. Ya gaji, a hukuncinsa. Amma shi kaɗai ke da jakar alharini, kuma yakan ce baƙin da ke jikinsa zufar hannunta ce.

Washegari da hantsi Sabo ya nemi izini a shago ya zo. Ya tarar an jingina tsohon da matasai, tagogi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani.

"Badamagare, ka zo ganin ko na mutu ka gaji akwatina?"

"Wa zai gaji Bakano, Baba? Sai wayo za a tarar a ciki."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Miƙo min tsabata."

Sabo ya ɗauko akwatin. Maiturare ya laluba, ya wuce duk sauran, ya zaro jakar alharinin. Ya zazzage kuɗin a tafinsa, ya murza. Yatsan ya tsaya. Ya sake murzawa. Ya kai hanci, ya daɗe yana shaƙa. Sannan ya zaro wata jakar, da wata, yana shinshinawa yana ajiyewa a kan bargo, har ya gaji.

"Duka?"

"Duka, Baba."

"Wane ne?"

"Ni ne," in ji Sabo. Bai shirya faɗar haka ba, fitowa kawai ta yi.

"Miƙo hannunka." Tsohon ya kama yatsun Sabo ya kai hanci, ya sake su. "Man keke da sitaci. Kai da ka ɗinka jakunkunan nan za ka yi musu wanka? Kada ka yi min ƙarya ina bakin kabari, Tela, ba ka iya ba."

Sai Sabo ya faɗa masa yadda aka yi, da robar numfashi, da kalmar da ya faɗa da wadda aka ji. Yana magana yana kallon fuskar tsohon. Ya ga jijiyar goshinsa ta tashi, leɓensa yana motsi ba sauti. Ya dunƙule hannu a kan kuɗin har ƙasusuwan suka fito.

"Shekara sittin ban bar ruwa ya taɓa shi ba," ya ce. "A jirgin ruwa a baki na sa shi, don kada a sace. Abin da ya rage min nata ke nan. Ko kabarinta ban san inda yake ba." Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shiga kunnensa. "Kira min Ikram."

"Baba."

"Na ce ka kira ta."

Sabo bai tashi ba. Bai taɓa ƙin bin umarnin tsohon ba sai ran nan. "Yatsunta duk sun tsage," ya ce. "Kwana biyu tana yi. Cewa ta yi tunda ba ta iya cire maka ciwon, bari ta yi abu ɗaya da ka roƙe ta."

A waje mai gas yana wucewa yana buga tukwanensa da ƙarfe. Tsohon ya lumshe ido, har Sabo ya zaci barci ne.

"Tsabata," ya faɗa a hankali, kamar mai ɗanɗana kalmar. "Tsabta." Ya sake faɗar su a jere. "Ka san wa ya hana ta Hausa? Tana 'yar ƙarama ta dawo daga makaranta tana kuka, wai yara suna kwaikwayon maganarta. Na tara gidan nan na ce daga yau kowa ya amsa mata da Larabci. Iyatu ta ce za ka yi da-na-sani, Malam. Na ce ke dai yi abin da na ce." Ya numfasa. "Na goge yarinya da hannuna don ta yi ƙyalli a cikin mutane. Yanzu in yi faɗa da wa?"

"To sai ka ce mata ka ji daɗi, shi ke nan."

"Ban ji ba. In yi mata ƙarya, in je in tarar da ita a rubuce? Kai dai Badamagare ne."

Kafin Sabo ya amsa aka ƙwanƙwasa ƙofar ciki. Ikram ta shigo da tiren shayi mai na'ana'a, Iyatu tana bayanta, fuskarta kamar wadda za a yanke wa hukunci. Ikram ta ga jakunkuna a warwatse a kan bargo, fuskarta ta washe.

"Ka buɗe, Abuya? Ajabak?" Ta durƙusa a gefen gadon. Da ta ga bai amsa ba ta sake tambaya da Hausa, don ta san ya fi so. "Ka so shi?"

Sabo ya sunkuyar da kai yana kallon zanen kafet. Ya san tsohon ba zai yi ƙarya ba, ya kuma san abin da gaskiyar za ta yi.

"Ɗakin nan duhu," in ji Maiturare. "Tela, buɗe min taga. Har katakon."

Sabo ya tashi ya tura katakon. Ranar Madina ta faɗo ɗakin gaba ɗaya, ta sauka a kan gadon. Tsohon ya buɗe tafinsa, ya ɗauki kuɗin da yatsa biyu ta gefe, yadda ya koya wa Sabo, ya ɗaga. Wataƙila lokaci kawai yake nema, ya samo abin da zai faɗa. Sabo ya sha juya wannan a ransa daga baya. Amma kuɗin ya kama rana, ya wurga wani ɗan haske a bango, sannan da hannun ya karkata hasken ya dawo ya faɗa a fuskar tsohon.

Maiturare ya ƙifta ido. Ya matso da kuɗin, ya nisanta shi, ya karkata kai gefe kamar tsuntsu.

"Iyatu," ya ce, muryarsa ta canza. "Wani abu fari."

"Shi ne, Malam. A hannunka yake."

"Na san a hannuna yake." Ya juya shi a hankali, hasken yana tafiya yana dawowa. "Haka yake ran da Baba ya kawo shi. Ɗan sabo ne fil. Inna ta fita da shi bakin bukka ta ɗaga shi a rana, kamar haka, ta ce ku zo ku ga Madina." Ya sake karkata shi. "Na manta fari ne. Wallahi na manta."

Ya laluba da ɗaya hannun har ya sami kan Ikram, ya gangaro ya kama yatsunta, ya shafa wuraren da suka tsage.

"Tun da idona ya tafi ban ga ko ɗaya a cikinsu ba, sai dai in ji a hannu. Yau na ga wannan. Ke kika nuna min shi. Allah ya yi miki albarka, ya haskaka miki kamar yadda kika haskaka min."

"Amin, Abuya," ta ce, tana sumbatar hannunsa. Iyatu ta juya ta fita da sauri, wai ta bar wani abu a wuta.

Da ɗakin ya rage su biyu, tsohon ya ce, "Ka ji na yi ƙarya?"

"Ban ji ba, Baba."

"To rufe tagar, zafi. Ka zuba sauran a gwangwanin madara." Ya ɗan murmusa. "A'a, bar su a jakunkunansu. Sun riga ni wanka ne kawai."

Bai ƙara mako ba. Kullum da hantsi sai ya sa a buɗe taga a ba shi na Inna, ya yi ta juya shi har hannunsa ya gaji. Ranar da zai tafi ma an buɗe. Bayan azahar Sabo yana kan keke Fahad ya yi waya shagon. Sabo yana cikin waɗanda suka shiga wankan, shi ke zuba ruwa, ƙanshin kafur ya cika wurin, ya tuna maganar tsohon har ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, cikin dubban mutanen da ba su san sunansa ba, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Daga bakin kabarin ana hango koriyar ƙubba. Sabo ya tsaya yana kallonta, yana tunanin matar da ta tsaya a Sawakin.

Shi ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, ya zauna tare da Fahad suna karɓar gaisuwa.

Bayan an share makoki, wata ranar Juma'a da hantsi, Iyatu ta aika a kira shi ya taimaka a mayar da gadon sama. Ya tarar da ita da Ikram a ɗakin baƙi, akwatin yana tsakaninsu. Idon Iyatu ya gaya masa an yi wani abu.

"Bakina ne," ta ce. "Cewa na yi, Malam ya ce a ba Sabo gilashin da rabin tsabarsa. Shi ke nan ta tsare ni."

Ikram ba ta yi Larabci ba. Ta haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai taka tsani. "Ammu Sabo. Mene ne tsaba?"

Ya duba Iyatu, ta kawar da kai. Ya yi tunanin hanyoyin da zai bi ya zille, duk ya san su, tun ran farko yake tanadinsu. Sai ya ji kamar an kama yatsunsa an kai hanci.

"Su ne tsaba," ya ce, ya nuna akwatin. "Haka yake kiransu. Tsabata, yana nufin nawa."

Leɓenta ya motsa, tana faɗar kalmomin biyu a ciki. Ya ga lokacin da ta gane.

"Ba ya so a goge su."

"Ba ya so."

"Ya sani? Ran da na kawo shayi, ya sani?"

"Tun kafin ki shigo."

Ta rufe fuska da mayafi. Iyatu ta jawo ta jikinta tana cewa ya isa, ya isa, ai albarka ya sa miki, kowa ya ji. Sabo ya jira. Da ta ɗago, idonta jajir, ta ce, "To abin da ya faɗa, don kada in yi kuka ne. Bai ga komai ba."

"Ban shiga idonsa ba, Ikram," in ji Sabo. "Amma kafin ki shigo na ce ya gaya miki ya ji daɗi, ya ƙi, ya ce ba zai mutu da ƙarya ba. Kuma ina tsaye a bakin tagar nan. Da hasken ya bar fuskarsa ya koma bango, na ga ƙwayar idonsa ta bi shi. Shekaru ina zama da shi, ban ga idon nan ya bi komai ba. Washegari ma ba kya nan, kina makaranta, ya ce a buɗe taga. Wa yake yi wa a lokacin?"

Ta jawo akwatin, ta nemo jakar alharinin, ta zazzage kuɗin a tafinta. Za ta ɗauka ta tsakiya Sabo ya ce, "Ta gefe. Da yatsa biyu." Ta gyara.

"Zai sake baƙi?"

"In ana riƙe shi. Akwai azurfa a ciki, ba ya daɗewa."

Iyatu ta miƙe da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta je ta tura katakon tagar. Ikram ta ɗaga kuɗin. Ɗan hasken ya faɗa a bango, sama kaɗan da matasan da ba a kwashe ba tukuna, yana rawa saboda hannunta, sannan ya tsaya.